Juyen Man da Na Yi wa Jirgin Yaya Sale

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo min gyaran injin ban-ruwa a rumfata ta bakin kasuwar Bunkure, kafin ma ya kwance shi daga kan babur sai ya ce, "Habu, yaya Kamarun? An ce har dorina ka gani?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in sunkuyar da kai in kama kwance noti. 'Yan majalisarmu har sun fara cewa wai na zama Bafaranshe, na daina magana da talakawa. Wallahi ba girman kai ba ne. Labarin ne ba ya min daɗin faɗa, kuma na gaji da gutsuro shi kaɗan-kaɗan. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ba yawon buɗe ido na je ba, yayana na je ɗaukowa. Yaya Sale shi ne ɗan farin Inna, ni ne auta. Tun ina ƙarami ya bi fataken kifi ya tafi, ya zauna a bakin tafkin Lagdo, ya yi aure a can, ya zama direban jirgin ruwa. Rabonsa da gida tun rasuwar Baba. Inna kuwa idonta ne yake tafiya. Na hagu ya riga ya mutu, na dama ma likitan da muka gani a Kano ya ja ni gefe ya ce magani zai rage masa gudu ne kawai, ba zai tsayar da shi ba. Sukan gaisa da Yaya a waya, amma in an nuna mata hotonsa a fuskar wayar, haske kawai take gani.

Kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, "yayanku" take cewa. In ya shigo gaishe ta sai ta kawar da kai, ta amsa kamar da garu take magana. Shi ya sa ranar da ta kira ni tsakar gida, tana tsintar shinkafa da laluben yatsu, ban zaci abin da za ta faɗa ba.

Ta ce, "Auta, aiki ya yi sauƙi a rumfar taka?"

Na ce, "Ya yi, Inna. Tumatur ya ƙare, ba a kuma fara shinkafar damina ba."

Sai ta ce, "Ina laifin ka je ka dubo yayanku? In ya samu sarari ku taho tare. Ban taɓa yi masa kallon tsaf ba."

Ta ci gaba da tsintarta. Ni dai na tashi na fita, don ban so ta ji yadda muryata ta koma.

Na yi takardun da aka ce sai da su ake shiga, har da katin allurar rigakafi. Inna ta haɗa min tsaraba kamar wanda zai je ƙasar da ba a girki: kauɗar tumatur, kuka, kuɓewa busasshiya, shinkafar gonarmu, da daddawa cike da wani tsohon gwangwanin madara. Na shiga Kano na hau bas mai zuwa Yola.

Wanda aka matse mu kujera ɗaya da shi wani dattijon Bafillace ne, Malam Buba, daga wata ruga ta bayan Madobi. Garwa ta Kamaru za shi, wurin 'yan'uwansa. Tun kafin mu bar tasha ya kalli faratana ya ce, "Kai maƙeri ne?"

Na ce, "Bakanike ne, Baba."

Ya ce, "Duk ɗaya ne, maƙerin zamani. Alhamdu lillahi, Allah ya ba ni bawa a hanya. Riƙe min butata."

Na ce ai tun kakanni Fillani ne bayin maƙera, in babu mu da me zai sare reshe wa shanunsa. Daga nan muka ƙulle. Har Yola muna tsokanar juna, yana ɓallo min goro, ni ina saya masa ruwan leda.

Bayan mun wuce Gombe tiyon lagireton motar ya fashe, tururi ya turnuƙe gaban gilashi. Direba ya sauko yana ta zagaya motar yana zagin wanda ya sayar masa da tiyon. Na ce ya ba ni wuƙa. Na yanke inda ya tsage, na mayar, na ɗaure da robar tsohon tub ɗin taya, muka ɗura ruwa muka tashi. Fasinjoji suka yi ta sa min albarka, wata mata ta miƙo min dafaffen ƙwai, Malam Buba ya ce yau dai maƙeri ya yi rana. Na zauna ina hura hanci. A raina na ce inji ai inji ne, ko na mota ko na gona, duk hannun nan ya san su.

A gadar Numan na fara ganin kogin Binuwai. Mu da muke taƙama da babban kanal da ruwan Tiga, sai na ga ashe namu wasa ne. A Yola muka kwana a wani masauki kusa da tasha, ɗaki mai fanka amma babu wuta. Zafin garin nan daban ne. Namu na Bunkure in ka shiga inuwar mangwaro ya sake ka, nasu har cikin inuwa yake bin mutum. Abin da ya wanke min rai shi ne kunun gyaɗan da muka karya da shi, mai kauri, da shinkafa a ciki. Na sha kofi na ƙara, Malam Buba ya ce haka maƙera suke, ba su san ƙoshi ba.

Daga Yola zuwa iyaka wata tsohuwar mota muka shiga, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. A ɓangarenmu aka duba takardu aka sake mu. A ɓangarensu kuwa wani jandarma dogo, ɗan sandansu ke nan, ya yi min tambaya da Faransanci, na ce masa "yes", ya sake wata, na sake cewa "yes". Ashe tambayata yake ko ina ɗauke da abin da aka hana shiga da shi. Nan take aka zazzage jakata a kan tebur. Ya ɗaga kauɗar tumatur ya juya ta, ya ajiye. Ya ɗauki gwangwanin madara ya buɗe, ya kai hanci, sai ga shi ya ja baya yana tari. Malam Buba ya matso ya yi masa bayani da Fillanci. Ban san me ya faɗa ba, na dai ga duk sun fashe da dariya suna kallona. Da muka wuce na tambaye shi, ya ce, "Cewa na yi turaren maƙera ne."

Garwa ta ba ni mamaki. Kowa Fillanci yake yi, har wanda ba Bafillace ba, har mai sayar da fetur a kwalba. Akwai masu jin Hausa da yawa, amma sai ka fara za su amsa maka. Burodinsu dogo ne kamar sandar kiwo, bayansa da tauri, sai ka ga mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya babu ko leda. Na ga mata suna tuƙa babur da mayafinsu, babu mai waiwayensu sai ni. 'Yan'uwan Malam Buba suka sauke ni a zaurensu, suka kawo tuwon jar dawa da miyar yakuwa da aka kaɗa da gyaɗa. Da safe dattijon ya raka ni har tashar Lagdo, ya damƙa ni a hannun direba kamar wani kaya. Ya ce, "Ka gaida uwarku in kun koma. Ka ce mata wani Bafillace ya ce ta haifi bawa nagari." Ban sake ganinsa ba, ban kuma karɓi lambarsa ba, abin yana damuna.

A bakin tafki na yi ta tambayar Sale mai jirgi, har aka nuna min wani mutum baƙi, siriri, da furfura a gemu, tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana karɓar kwandon banda. Na tsaya ina kallonsa ban gane shi ba. Sai da ya juyo ya ce, "Kai, Auta," da muryar Baba sak, sannan na saki jakar.

Matarsa Dija ta karɓe ni hannu bibbiyu. Hausarta a karye take, 'ya'yansu ma haka, sai mu yi ta nune-nune muna dariya. Kifi kuwa na ci har na gaji da shi: da safe karfasa soyayya, da rana tarwaɗa a miya, da yamma giwan ruwa. Akwai wani rogo da suke dafawa a naɗe cikin ganye, mai danƙo da ɗan tsami, ranar farko na kasa haɗiye shi, daga baya ni nake tambaya. Da Dija ta yi miyar kuka da daddawar Inna, Yaya ya ci, ya suɗe kwanon da yatsa. A nan na faɗa masa saƙon, yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya ce, "Ita ta ce haka? Da bakinta?"

Na ce, "Da bakinta, Yaya."

Ya tashi ya tafi bakin ruwa ya daɗe. Da ya dawo ya ce, "Jibi kasuwa. Gobe mu yi wa inji juyen mai, jibi in kai 'yan kasuwa in dawo da su, in damƙa wa ƙanin Dija jirgin, mu kama hanya."

Jirgin na katako ne, dogo, yana ɗaukar mutane da buhuna da awaki tsakanin ƙauyukan bakin tafki da kasuwa. Ba na Yaya ba ne shi kaɗai, rabi nasa, rabi na surukinsa, baban Dija. Injin na gas ne, na wata tsohuwar babbar mota, an zaunar da shi a can cikin cikin jirgin. Ina ganinsa hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Washegari da hantsi muka shiga da jarkar sabon mai da sabuwar filta. Na ɗauki sifana na durƙusa ina laluben notin ƙasa, don a wurinmu haka ake juye: ka kwance notin, man ya zuba a tasa, ka karkata injin ya tsiyaye tas. Yaya ya yi dariya ya ce, "Ina za ka sa tasar? Ƙasan nasa a kan katako yake zaune. In ka kwance wannan notin, man cikin jirgi zai malale, ya haɗu da ruwan da muke kwarfewa mu zubar a tafki. Ranar nan masunta za su kai ni gaban sarkin ruwa."

Sai ya nuna min yadda suke yi. Ya tayar da injin ya bar shi ya yi ɗumi, don man ya saki jiki. Ya kashe. Ya zare sandar awon mai, ya zura wani siririn tiyo ta ramin har ya taɓa ƙasa. Ɗaya bakin tiyon yana haɗe da ɗan famfon hannu, kamar na hura tayar keke, daga shi kuma zuwa wata tsohuwar jarka. Ya fara bugawa, baƙin man yana hawowa a hankali. Ya ce filta ma sai an sa mata leda a ƙasa kafin a kwance, kada ɗigo ɗaya ya sauka a jirgi. Abin ya burge ni ƙwarai. Mu da muke zubar da tsohon mai a gindin rumfa, ko mu ba masu shafa wa azara saboda gara.

Muna cikin haka aka aiko masa cewa takardar tafiyar da ya nema ta fito, ya zo ya karɓa kafin a tashi daga ofis. Ya ce daga nan zai biya kasuwa ya yankar wa Inna atamfa. Ya miƙo min famfon ya ce, "Kai ne bakaniken gidanmu. Ƙarasa, ka sa filta, ka zuba sabo."

Na ci gaba da bugawa har tiyon ya fara zuƙo iska. Na kalli abin da ya fito, baƙi ƙirin, da kauri kamar kwalta. Raina ya ce, haba, a zuba sabon mai a kan wannan dauɗar? Mu a Bunkure in injin casa ko na niƙa ya yi irin wannan datti, wanke shi muke yi. Bayan an juye tsohon man sai a zuba gas a madadinsa, a tayar da injin ya ɗan juya, gas ɗin ya narkar da dattin, a kwance noti a karkata shi ya fita gaba ɗaya, sannan a zuba sabo. Haka Baba yake yi wa injinsa, a wurinsa na koya, na kuma yi wa injinan mutane ba adadi. Na ce bari in yi wa Yaya abin arziki, ya bar wa surukansa inji fes, ya tafi gida hankalinsa kwance.

Na ɗebo gas daga jarkarsa na zuba, na tayar, na bar shi ya ɗan yi aiki, na kashe. Na zura tiyo na yi ta bugawa har ya sake zuƙo iska. Na lura abin da ya fito bai kai abin da na zuba ba. Na lura sarai. Amma na ce ai ɗan abin da ya maƙale a jiki ne. Na sa leda na kwance filta, na shafa wa robar sabuwar ɗan mai na ɗaura, na zuba sabon mai, na duba sanda ya kai layi tun jarkar ba ta ƙare ba. Har murna na yi wai na yi masa ragi. Da Yaya ya dawo da atamfarsa a leda, ya tarar na goge injin yana ƙyalli. Ban faɗa masa na wanke ba, so nake sai ya ji daɗin ƙarar injin sannan in yi masa burga.

Ranar kasuwa muka tashi da jirgi cike. Mata da kwandunan banda, wani mutum da tumaki biyu, buhunan masara. A hanyar ce na ga dorinar da kuke ta tambaya, kunnuwa ne kawai da hanci a saman ruwa, can nesa. Muka sauke mutane, aka ci kasuwa, muka ɗauko su da kayan da suka saya. Lodin dawowa ya fi nauyi, Yaya ya ƙara wuta don mu isa kafin la'asar.

Muna tsakiyar ruwa na ji muryar injin ta sauya. Kunnen bakanike ba ya ɓata wannan. Wani ƙwas-ƙwas ne daga can ƙasa, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Na kalli Yaya, shi ma ya ji. Kafin ya kai hannu ya kashe, injin ya yi wata ƙara mai nauyi, ya tsaya da kansa. Hayaƙi ya taso ta gefe. Jirgin ya ci gaba da tafiya kaɗan, sannan ya tsaya, sai ƙarar ruwa a jikin katako da kukan tumaki.

Yaya ya zare sandar awo. Man da ke jikinta ya tsinke, yana ɗiga kamar ruwa. Ya murza a yatsa, ya kai hanci. Sannan ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Auta, gas ka zuba masa?"

Na ce, "Wanke shi na yi, Yaya. Kamar yadda Baba yake yi."

Ya ce, "Injin Baba ana karkata shi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da zagina ya yi, ko ya kwaɗa min mari a gaban matan nan, da ya fi min sauƙi. Sai lokacin na kalli yadda injin yake zaune. Ba a miƙe yake ba, gabansa a ɗage, bayansa a sunkuye, don ya bi sandar farfela. Tiyo ba ya kaiwa can lungun baya. Duk gas ɗin da bai fito ba a nan ya kwanta, ya tsinka sabon man, dattin da ya narke kuma ya je ya toshe hanyar mai. Abin da ko ɗan koyo zai gani in ya tsaya ya duba, ni na durƙusa a gabansa rabin yini ban gani ba.

Wani jirgi ne ya zo ya ja mu da igiya har gaɓa. Mata suna ta magana da Fillanci, ban ji ba, ban kuma so in ji ba. Washegari muka buɗe injin. Ya buga, karanshaf, babban ƙarfen nan da ke juyawa a cikinsa, ya ci, sai an ciro shi an kai Garwa, in ba a samu mai gyara ba a nemo wani. Surukin Yaya ya zo, tsoho mai sanda, ya leƙa cikin jirgin ya daɗe, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tafi. Yaya bai gaya masa ni ne ba. Ya ce tsufa ne ya kama injin.

Na ce wa Yaya mu tafi hakanan, in ya so in ya dawo a gyara, ni zan sayar da babur ɗina in taimaka. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Rabin jirgin nan na mutane ne, da shi gida biyu suke ci. In na sa ƙafa na tafi yanzu, cewa za a yi Bahaushe ya kashe jirgin surukinsa ya gudu ƙasarsu. Dija ce za ta zauna da wannan maganar. Sai na ga ya tashi da idona."

Na ce, "To ni ma in zauna mu gyara tare."

Ya ce, "Wa zai riƙa kai Inna asibiti? Koma gida. Ka ce mata ina nan tafe."

Ya ba ni atamfar da kwalin banda. Ya raka ni tasha. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Kada ka sa abin a ranka. Niyyarka mai kyau ce." Mota ta ja.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Jandarman nan ya gane ni, ya toshe hanci yana dariya, na yi masa yaƙe. A Yola na sayi kunun gyaɗa na kasa sha. Motar ba ta lalace ba, da ma ta lalace ba zan taɓa ta ba.

Na iso Bunkure da yamma. Tun daga zaure na ji ƙamshin dambun shinkafa da zogale, abincin da Yaya ya fi so tun yana yaro. Ashe tun da na tafi, duk ranar da aka ce mota za ta iya isowa sai Inna ta sa an yi. Ban kira na faɗa musu ni kaɗai nake tafe ba, na yi ta ɗaga wayar ina ajiyewa. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta sa sabon mayafi. Na yi sallama. Ta amsa, ta kuma ci gaba da sauraron zauren, kanta a karkace, tana jiran sallama ta biyu.

Na durƙusa na faɗa mata komai, har gas ɗin. Ban ɓoye ba. Ta saurara har na gama. Ta shafa atamfar da tafin hannu, ta tambaye ni launinta, na ce shuɗiya ce da fararen furanni. Ta ce Allah ya yi masa albarka, kai ma Allah ya yi maka.

Yanzu shinkafar damina har ta fara fitar da kai. An kai karanshaf Garwa an dawo da shi, bai zauna ba, ana neman wani. Duk Juma'a Yaya yakan kira ya ce saura kaɗan. Idon Inna kuwa, da tana gane mutum in ya tsaya a haske, yanzu sai an matso sosai.

Rannan da safe na shiga gaishe ta zan wuce rumfa, sai ta ce, "Auta, zo nan. Tsaya a bakin ƙofa, inda rana take." Na tsaya. Ta taso da lalube ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen hasken, ta matso har ina jin numfashinta.

Ta ce, "Ya yi furfura?"

Na ce, "Ya yi, Inna. A gemu."

"Kamar ta babanku?"

"Sak."

"Ya fi ka baƙi?"

"Ya fi ni. Rana ce ta ruwa."

Ta daɗe tana kallona da ɗan abin da ya rage mata na ido. Na san ba ni take nema a fuskar ba, na tsaya ban motsa ba. Can ta sake ni, ta koma ta zauna a tabarmarta.

Ta ce, "To. Je ka, kada ka makara."